Walkin Yaya Sanda

Rannan da hantsi ina kishingiɗe a zaure, jikoki sun kunna mini rediyo sun watse, sai na ji wani saurayi mai zaƙin murya yana shirin tsofaffin kalmomi. Aka aiko masa da tambaya, wai mene ne walki. Ya yi gyaran murya kamar mai shirin ba da fatawa, ya ce wai wata 'yar fata ce da maƙeran dā ke ratayawa a gaba don tartsatsi, ya ƙara da cewa ƙauyawa ma kan ɗaura ta saboda rashin wando. Abokin aikinsa ya tuntsire da dariya. Na tashi zaune. Wallahi sai da na waiwaya na ga ko akwai wanda ya ji abin da na ji, amma daga ni sai akuya a bakin ƙofa. Ashe na yi tsawon ran da walki zai zama abin tambaya a rediyo, a kuma amsa shi a karkace, a bi shi da dariya! An ce mini ma a littattafan da yara ke karantawa yanzu, in marubuci yana son nuna mutum wawa ne ko bagidaje, sai ya ɗaura masa walki. Wannan magana ta hana ni cin tuwo da daɗi ran nan.

To, bari in faɗa muku, tunda waɗanda suka sani sun kusa ƙarewa. A ƙasarmu, tsakanin Wurno da Rabah har zuwa Goronyo, walki shi ne tufar namiji mai aiki. Fatar akuya ce, jar akuyar nan tamu, a jeme ta da bagaruwa, a murza ta da man shanu har ta yi laushi, a ɗaura a ƙugu, a zaro bindin ta tsakanin ƙafafu a soke a gaba. Riga ta ranar Juma'a ce da Salla, tana cikin tukunya a ɗakin uwa tana jiran ranarta. Amma daga asuba zuwa faɗuwar rana, daga shuka zuwa girbi, walki ke tare da mutum. Yana shan zufarsa, yana ɗaukar siffar jikinsa, har ya zama ko a kan danga aka shanya goma, yaro ƙarami zai nuna maka na ubansa. Ina iya jin ƙarar su har yanzu, fat-fat a bayan cinya, idan maza sun jeru a gonar gayya ganga na tashi a bayansu. Makaɗan noma kuwa ba su da kalmar da suke ji da ita kamarta. In za su yabi mutum, ba su cewa yana da ƙarfi, walkinsa suke kira, su ce bai taɓa bushewa ba. In za su zambaci rago, sai su ce nasa ɓera ya cinye a rataye. Malaman da ke tsara waƙen wa'azi ma sukan kawo shi in suna son tuna wa masu alkyabba cewa da mai walki za a tsayar da su gobe. Yau yaro na canja riga uku a yini, ya ari ta abokinsa, ya sayi ta mataccen da bai sani ba a gwanjo, ko a jikinsa. Mu a wurinmu ba a aron walki, ba a kyautarsa, ba a sayar da wanda aka riga aka ɗaura.

Saboda haka ne muke da wata al'ada. Idan mutum ya tafi cin rani ko fatauci, ajali ya same shi a can, abokan tafiyarsa ba su iya ɗauko gawa, sai su ɗauko walkinsa su kawo gida. Ba a bukatar dogon bayani. Kowa ya san mai rai ba ya rabuwa da shi, don haka in walki ya shigo gari ba tare da mai shi ba, mata kan fara kuka tun kafin a zauna.

Mu biyu Inna ta haifa da muka rayu, Yaya Sanda da ni, shi ya sa har na yi furfura Auta ake ce mini. Babanmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya koya mini riƙon hauya, shi ya kai fatar walkina na fari wurin majemi. Mutum ne mai kaurin wuya, mara yawan magana, in ya sunkuya a kunya ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshenta. Ni kuwa ban ƙi aiki ba, amma na fi son inda ake hira. Matarsa Kulu, 'yar Gandi, ita ce ta fi kowa sanin wannan. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta, to ita har da ƙari. In ta kawo mana fura gona ta tarar da ni a inuwa, sai ta dire ƙwaryar ta ce, "Ƙaramin miji, in ka gama gaisawa da hauyar, ga hura." Ni ma ba na barin ta, in ce furar ta fi ruwan Rima tsinkewa. Yaya ya yi murmushi kawai ya ci gaba da sha. Suna da 'yar yarinya ɗaya mai koyon tafiya. Gidanmu ke nan: sautin turmin Kulu da sassafe, mazarin Inna na juyawa a kan fata da rana, kukan jigon ban ruwa daga fadamar albasa in rani ya yi.

Sai shekarun nan suka zo da Nasara ke yaƙinsu a can ƙetare, aka shiga ɗibar mutane ana kai su haƙar kuza a ƙasar Jos. Umarni ya sauko daga sama har ya iso wurin mai garinmu, ya ce gidanmu mutum ɗaya zai bayar. Kowa ya san ni ya kamata, tunda ba ni da mata ba ni da ɗa. Tsoro ya kama ni, don mun ji labarin sanyin ƙasar da yadda mutane ke mutuwa da tari da gudawa. Yaya ya dube ni sau ɗaya, ya ce wa mai gari, "Ni ka tahiya. Auta bai yi ƙwari ba." Na buɗe baki in yi musu, amma ban yi ba, kuma gaskiya daɗi na ji. Bayan girbi suka tafi a ƙasa, su da yawa a jere. An ce wata huɗu za su yi.

Wata huɗu suka wuce, wasu suka dawo a rame, Yaya bai dawo ba. Waɗanda muka tambaya suka ce an rarraba su sansani-sansani, ba su san inda aka kai shi ba. Ana cikin zafin bazara, aka aiko mini cewa wani mutumin Boyekai, Arzika, ya dawo daga can, yana nemana a kasuwar Goronyo. Na same shi a rumfar masu albasa, ƙashi da fata, yana tari.

"Kai na ƙanen Sanda na wajen Wurno?" ya ce.

Na ce ni ne.

"To sai haƙuri. Ga abin da nit taho da shi."

Ya kwance wani tsumma. Tun kafin ya gama warwarewa na gane walkin Yaya ne. Ga ƙunar nan a gefen hagu, ta shekarar da wutar sassabe ta kusa cin rumbunmu. Ga facin da ni da hannuna na ɗinke masa da jijiya, karkatacce, wanda Kulu ta yi mako tana yi mini dariya a kansa. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Ina jin Arzika sama-sama yana cewa, "Ni dai ban ga huskatai ba. Na iske an ruhe su, su ukku rami guda. Walkin ga anka aje bakin ramin, ni kau na san shi ga ƙugun Sanda." Na ji wannan magana. Ba zan ce ban ji ba. Amma walki na hannuna, ga warin jikin ɗan'uwana a cikinsa, me kuma ya rage in tambaya? Na yi masa godiya na kamo hanya.

Da na shiga gida Inna ta ga abin da ke hannuna, ta ajiye mazari. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce, "Mutumin ya gani da idonai?" Na dubi fuskarta, na ga in na ce a'a za ta ƙare sauran kwanakinta tana kallon hanya. Na ce, "Inna, ga walki." Da liman ya zo ya tambaye ni ko mai kawowa ya shaida mutuwar, na ce ya shaida. Kalma biyu ke nan. A lokacin na ɗauka tausayi ne ya sa ni, kuma har yau ina son in yarda haka ne. Na yi shekaru ina tona zuciyata ko akwai wani abu a ƙarƙashin tausayin, ban samu ba, ban kuma daina tonawa ba.

Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Kulu ta shiga takaba, damina guda cur, ba kwalli ba lalle, ba ta ɗaga murya. Turmin ma ya canja sauti a hannunta. Ni kuma gona ta dawo kaina ni kaɗai, inuwa ta ƙare mini. A shekarar ne na zama manomi, don duk kunyar da na ɗauka sai in ga kamar Yaya na gaba yana jirana. Da ta fita takaba, iyayenta suka aiko daga Gandi za su ɗauke ta. Inna ta rungume jikarta ta ce ba za ta rasa ɗa ta kuma rasa 'yarsa ba. Ita da liman suka kawo shawarar in aure ta, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Aka tambayi Kulu har sau biyu, ta ce in don yarinyar ne ta yarda. Bayan kaka aka ɗaura.

Zan faɗi gaskiya, tsufa ya wuce ɓoye-ɓoye. Da farko kunya ce ta cika ɗakin, ni ban iya kallonta, ita ba ta iya kiran sunan da ta saba. Sannu a hankali kunyar ta janye, na wayi gari ina son matar nan son da ban san ana yi ba. In ina jigo a fadama na hango ta tafe da ƙwarya a ka, sai in ji gajiya ta sauka. Dariyarta ta dawo kaɗan-kaɗan. Ta sake fara tsokanata, sai dai a hankali, ba a gaban mutane ba. Shekara ta zagayo, ta samu ciki. Na ce a raina Allah ya karɓa da hannu ɗaya ya mayar da ɗaya.

Cikin na wata biyar, wata rana da hantsi, ina gyaran danga a tsakar gida, Inna na kaɗi, Kulu na daka. Aka yi sallama a ƙofa.

"Salamu alaikum. Ba kowa gidan ga?"

Turmi ya tsaya. Inna ta ce, "Wa na?"

"Ni na, Inna."

Ya shigo. Gajeren wando a jikinsa da taguwar akoko, ya rame, haƙori ɗaya ya fita, amma wuyan nan nasa ne, tafiyar nan tasa ce. Inna ta yi salati ta rarrafa ta kama ƙafarsa tana shafawa ta ji ko mutum ne. Taɓarya ta suɓuce daga hannun Kulu. Ni kuwa ga abin da ya fi gigita ni har yau, fiye da ganin matacce a tsaye: ɗan'uwana da ya tafi a madadina ya dawo da rai, amma abin da ya fara zuwa zuciyata ba farin ciki ba ne. Kulu na fara dubawa. Na tsorata da kaina a wannan lokaci, na ji ƙyamar kaina, sannan hawaye suka zo. Shi ma ya bi idona ya dube ta, ya ga cikin. Ya dubi ƙofar ɗakina, inda tabarmarta ke shanye. Bai tambayi kowa komai ba, ya nemi ruwa ya sha.

Daga baya ya ba mu labari. Da ya ga mutane na mutuwa a sansaninsu, kuma wa'adi ya cika ba a sallame su ba, sai ya yanke shawarar gudu. "Amma duk wanda anka gani da walki bisa hanya," in ji shi, "an san Basakkwace na wanda yag gudo, 'yan doka su kama shi." Akwai wani mara lafiya a bukkarsu da ba ya iya tashi, yana da tsohon wando. Yaya ya kwance walkinsa ya ɗaura masa, ya karɓi wandon. Inna ta dafe ƙirji da ta ji haka, don ba ta taɓa jin namiji ya yi wannan ba. Ya ce, "Inna, can ba gida na ba. Can mutum na sai da sunanai ma in ya samu mai saye." Ya ji tsoron dawowa kada a kama shi a kuma wahalar da mu, sai ya nausa kudu yana dako a kasuwanni, har ya ji an daina ɗibar mutane.

Magana ta kai gaban alƙali a Wurno, don liman ya ce ta fi ƙarfinsa. Aka kira Arzika daga Boyekai. Alƙali ya tambaye shi ko ya ga gawar, ya ce bai gani ba, kuma ya faɗa wa ƙanen haka a kasuwar Goronyo. Alƙali ya juyo gare ni. "Haka ankai?" Zauren cike yake da mutane. Na ce haka aka yi. Yaya na gefena, na ji ya juyo ya dube ni, ban iya ɗaga kai ba. Alƙali ya ce tunda mijin farko bai mutu ba, bai kuma yi saki ba, aurensa na nan daram, nawa ya warware. Ya ce babu zunubi a kan matar, cikin kuwa nawa ne. Za ta zauna har ta haihu, sannan ta koma ɗakin mijinta. Muka tako daga Wurno zuwa gida mu biyu, shi a gaba ni a baya.

Kulu ta koma ɗakin Inna. Wata huɗu muka yi a haka. Da safe ni da Yaya mu sauka fadama, shi ya ja jigo ni in kora ruwa a fangalin albasa, in ya gaji mu canja. Maganarmu ba ta wuce "buɗe nan" da "toshe can" ba. Inna ce ke kawo mana fura, da tsufanta. Mutanen gari sun sami abin taunawa, in mun wuce hira ta yanke. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hauya ya buga mini, da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, ka gahwarce ni." Bai daina jan igiya ba, ya ce, "Ruwa na ƙetare maka can baya." A cikin wannan hali duka, kunya ba ta hana ni fata ba. Nakan ce a raina, mutumin da ya ba ni ransa a gaban mai gari, kila ya bar mini wannan ma. Kun ji irin zuciyar da nake da ita.

Ta haifi mace. Yaya ne ya je Goronyo ya sayo ragon suna, bai bari na taɓa ba. Da ta yi arba'in, ranar da ya kamata ta koma ɗakinsa, ya tara mu bayan la'asar a gindin darbejiyar tsakar gida, Inna da Kulu da ni. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya yi magana.

"Alƙali ya yanke nashi," ya ce. "Amma ni ban son a maido min mace awa akuyar da tab ɓace. Kulu, ga ni, ga Auta. In shi kika so, yanzu in sake ki gaban Inna, ki yi idda a sake ɗaura muku. Ba ni riƙe ki ga rai, Allah na gani."

Na tuna shekarar nan tamu, da dariyar da ta dawo a ɗakina, ga kuma jaririyata a cinyarta. Na riga na ba kaina amsa. Har na fara tunanin yadda zan gode masa.

Kulu ba ta dubi kowa a cikinmu ba. Ta yi ta gyara wa jaririyar zani har Inna ta ce, "Yi magana, ɗiyata, ba mai tilasta ki."

Ta ce, "Auta bai taɓa ɓata min ba, Inna, ko da rana guda. Amma wanga bawan Allah na yi mai takaba wata huɗu da kwana goma shina da rai, shina dako ƙasar mutane. Ba ni iya kashe shi sau biyu."

Yaya ya rufe fuskarsa da hannu. Tunda nake ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ran nan. Ni kuma na zauna kamar an ɗaure ni, ina kallo ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta da tabarmarta daga ɗakin Inna, ta ratsa tsakar gida ta shiga nasa. Taku goma sha biyu ne, na ƙirga.

Ban bar gidan ba, don gona ɗaya ce kuma Inna ta roƙe ni. Na yi aure daga baya, na haifi 'ya'ya, Allah ya yi musu albarka. Muka zauna gida ɗaya da Yaya da Kulu har ƙasa ta rufe musu ido, muna ci daga tukunya ɗaya, ba a taɓa jin kanmu ba. Yarinyar da Kulu ta haifa mini a ɗakinsu ta tashi, a kafaɗarsa ta koyi hawa, shi take rugawa ta tara in mun dawo daga fadama. Shi take ce wa Baba. Ni da na haife ta, Baba Ƙarami take ce mini, har ranar da aka kai ta ɗakin miji.